Daga Dalma Zuwa Unicode: Tarihin Ƙugiyar Haruffan Hausa

Bara da damina na je gida Babura, sai kawuna, wanda ya yi ritaya daga koyarwa a firamare, ya miƙo mini wani filashi da ya ƙulle a cikin leda. Ya ce, "Ɗana, ka kai a buga mini wannan tun ina da sauran gani." Tarihin zuri'armu ne da na unguwarmu, wanda ya shafe shekaru yana tattarawa daga bakin tsofaffin da yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya. A farkon shekarun 2000 wani ɗalibinsa ya buga masa shi a kwamfuta, aka yi ta kwafe shi daga faifai zuwa faifai har ya iso filashin nan.

Da muka buɗe shi a wani shagon kwamfuta, sai muka tarar duk inda ya rubuta ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, taɓa ta koma ta~a. Yaron shagon ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, ai da tsohon zubin haruffa aka buga wannan, mu kuwa ba mu da shi." Bai yi ƙarya ba. Rubutun kawu na nan daram, ko kalma ɗaya ba ta salwanta ba, amma na'urar da ke gabanmu ba ta san yarjejeniyar da aka rubuta shi a kanta ba.

Wannan ƙaramin al'amari yana da dogon tarihi, domin yau fiye da shekara ɗari ke nan Hausa tana fama da tambaya guda a duk lokacin da sabuwar na'urar rubutu ta zo: yaya za a rubuta sautukan da masu ƙera na'urar ba su da su a harshensu, kuma wa zai sa kowa ya bi hanya ɗaya?

Sautukan da baƙi ba su zo da su ba

Hausa tana da baƙaƙe waɗanda Larabci da Turanci ba su da su, kuma bambancinsu yana sauya ma'ana. Baki daban, baƙi daban. Wanda ya ce an kare gari, da wanda ya ce an ƙare gari, labari biyu suka bayar masu nisa da juna. Haka bari da ɓari, haka kafa da ƙafa.

Malaman ajami su suka fara cin karo da matsalar, suka kuma magance ta da aro. Sun ɗauki harafin Larabci ط suka ba shi aikin ɗ, suka ɗauki ق suka ba shi aikin ƙ, suka ƙara ɗige-ɗige a kan wasu haruffan domin sautuka irin su ts. Sai dai ajami bai taɓa samun hukumar da za ta tsayar masa da ƙa'ida ɗaya ba. Kowane zaure da al'adarsa, almajiri kuma yana gadon hannun malaminsa. Wannan bai hana aiki ba, saboda mai karatu Bahaushe ne, ma'anar jimla tana nuna masa abin da ake nufi.

Da Turawa suka fara rubuta Hausa da haruffan Rumawa a ƙarni na 19, irin su J. F. Schön wanda ya fitar da ƙamus a 1876 da C. H. Robinson wanda nasa ya fara fitowa a 1899, kowa ya bi abin da kunnensa ya jiye masa. Bayan cin ƙasar Hausa, gwamnatin Lugard ta zaɓi boko a kan ajami domin aikin mulki. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, sannan a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa. Duk da haka, har zuwa lokacin da babban ƙamus na G. P. Bargery ya fito a 1934, ɗigo a ƙarƙashin harafi da alamar hamza a gefensa su ake amfani da su wajen nuna waɗannan sautuka. Dukansu biyu suna da rauni iri ɗaya: mai rubutu da hannu yana mantawa da su, a wurin ɗab'i kuma ƙaramar alama ba ta da wuyar ɓacewa.

Zariya: lokacin da ƙofa ɗaya ce

A 1926 aka kafa wata cibiya a Landan domin nazarin harsuna da al'adun Afirka, wadda Bajamushen nan Diedrich Westermann yake cikin jagororinta. Ra'ayin da cibiyar ta yaɗa shi ne kowane sauti ya samu harafinsa na kansa, a rage dogaro da ɗige-ɗige. A kan wannan turba Dokta Rupert East, wanda ya jagoranci Hukumar Fassara da daga baya ta koma Hukumar Talifi a Zariya, ya bi, har a cikin shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ kamar yadda muka san su yau. Ƙugiyar jikin harafin take, ba za ta faɗi ta bar shi ba.

Abin lura shi ne saurin da sabon tsarin ya yi wajen kama ƙasa. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam yana editanta na Hausa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya. Ƙamus na R. C. Abraham da ya fito a 1949 da ƙugiya ya zo. Cikin ƙasa da shekara ashirin, duk yaron da ya shiga elementare a Kazaure ko Katsina ko Sakkwato da waɗannan haruffa ya buɗe ido.

Dalilin wannan sauri a fili yake. Kusan duk abin da za a buga da Hausa a Arewa ta ƙofa ɗaya yake bi. Da zarar an zuba dalmar haruffan an jera su a akwatin maɗaba'ar Zariya, magana ta ƙare, domin marubuci ba ya zaɓar harafi, mai jera haruffa ne yake zaɓa masa. Littafin makaranta da jarida da takardar yaƙi da jahilci duk daga tukunya ɗaya suke fitowa. Hukumar NORLA da aka kafa a 1954 da Hukumar Harshen Hausa ta 1955 sun tarar da gini ne a tsaye, suka ci gaba da yi masa yaɓe.

Iyaka ta ratsa tsakiyar harafi

Mu mutanen Babura mun san cewa Hausa ba ta tsaya a iyaka ba. Hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa garinmu, Magarya ta nufa a ƙasar Damagaram, kuma auratayya da cinikayya ba su taɓa neman fasfo ba. Amma rubutun boko ya taso ne a ƙarƙashin gwamnatoci biyu. A Nijar Faransawa ba su koyar da Hausa a makarantunsu ba, saboda haka ma'aikacin da ya tashi rubuta sunan Hausa sai ya bi ƙa'idar Faransanci. Shi ya sa har gobe sunan da muke rubutawa Usman, a can Ousmane ne, Shu'aibu kuma Chaïbou.

Bayan samun 'yancin kai an yi ta zama domin daidaitawa. Hukumar UNESCO ta kira taron masana a Bamako a 1966 kan rubutun wasu manyan harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. An sake zama a Yamai a 1978 kan haruffan bai ɗaya na Afirka, sannan a 1980 aka zauna a Yamai ɗin musamman domin Hausa. A 1999 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tsayar da rubutun Hausa a ƙasarta. An cimma daidaito a kan mafi yawan abubuwa, amma harafi ɗaya ya ƙi: abin da muke rubutawa 'y, kamar a 'ya'ya, a Nijar ƙugiya suke sa masa, su rubuta ƴaƴa. A takarda wannan ba komai ba ne, kowa yana karanta na kowa. Sai da kwamfuta ta zo aka gane tsadarsa.

Tafireta da zamanin dabara

Maɗaba'a tana da ƙugiya, amma ofis ba shi da ita. Tafiretocin da aka cika ofisoshin En'e da na gwamnati da su don Turanci aka ƙera su. Akawu mai kula sai ya buga b da d da k, in ya zare takarda ya bi su da biro yana lanƙwasa musu kai. Wanda ba shi da lokaci kuwa sai ya bar su haka. Daga nan aka fara sabawa da ganin Hausa tsirara a takardun hukuma. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta yi yunƙurin samar da haruffan bai ɗaya ga harsunan Nijeriya, har shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a aikin. Kafin abin ya bazu, kwamfuta ta fara korar tafireta.

Ita kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da Amurka ta fitar a 1963 gurbi 128 kawai gare shi, wanda ya ishi Turanci. A cikinsa k ita ce lamba 107. Tsarin da aka faɗaɗa a 1987 domin harsunan Yammacin Turai ya ƙara wa Faransawa da Jamusawa abin da suke bukata, Hausa ba ta samu gurbi ba.

Masana na gida ba su naɗe hannu ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya zana zubin haruffan Hausa, waɗanda aka sani da Rabi'at da Abdalla, suka kuma yaɗu a jami'o'i da shagunan buga takardu. Dabarar irin wannan zubi ita ce a nemi gurabun da Hausa ba ta cika amfani da su ba, kamar na baka-biyu iri-iri, a cire hotonsu a sa hoton harafi mai ƙugiya. Mai bugawa zai danna }, allo ya nuna masa ƙ. Wasu kuma suka ɗauki q da x da v, tunda Hausa ba ta amfani da su, suka ba su aikin ƙ da ɗ da ɓ. Wannan ne asalin qasa da xaya da vangare da har yau muke gani a wasu shafuka.

Ya kamata a yi wa wannan dabara adalci. Da ita aka buga kundayen digiri da littattafai da mujallu masu yawa a lokacin da babu wata mafita a hannu. Rauninta shi ne yarjejeniyar tana cikin zubin ne, ba ta cikin rubutun. A cikin fayil ɗin, lambar da aka ajiye ta } ce. Ranar da fayil ya bar kwamfutar da ke da zubin, sai asiri ya tonu. Abin da ya sami littafin kawu ke nan.

Sa'ar Jigawa

Abin mamaki, maganin ya riga yawancin waɗannan fayiloli zuwa duniya. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, a watan Oktoba na shekarar kuma aka fitar da kundin farko na Unicode, tsarin da ya ƙudiri ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta dindindin. Tun farkon shekarun 1990 haruffanmu suke ciki: ƙ ita ce 409, Ƙ 408, ɗ 599, Ɗ 394, ɓ 595, Ɓ 385, ƴ 436. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar ajiye waɗannan lambobi wadda ba ta rushe tsofaffin fayilolin ASCII. A wajajen 2008 ta zama hanyar da ta fi kowace yawa a intanet, yau kuma fiye da kashi 95 cikin ɗari na shafuka da ita suke aiki. Ajami ma an ci gaba da ƙara masa haruffan da rubutun Afirka ta Yamma yake bukata, ciki har da waɗanda aka shigar a 2016 da 2020.

To, in haka ne, me ya sa bayan fiye da shekara talatin har yanzu muke rubuta kasa muna nufin ƙasa?

Amsar ita ce lamba mataki ɗaya ce kawai a cikin matakai da yawa, kuma sai kowane mataki an saita shi a kan tsari ɗaya kafin harafi ya isa ga mai karatu lafiya. Da farko sai zubin haruffan ya kasance yana da hoton harafin. Ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin masana furuci ne a Unicode, manyansu kuma suna wani rukunin, don haka an daɗe ana samun zubin da ke da wani ya rasa wani, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma. Na biyu, sai madannai sun ba da hanya mai sauƙi ta buga shi. Windows yana da tsarin madannai na Hausa, Gboard ma yana da shi a waya, amma na'ura ba ta zuwa da su a kunne, kuma mutum bai cika taɓa saitin da ya tarar ba. Na uku, sai rumbun da ake ajiye bayanai da manhajar da ke karanta shi sun yarda a kan hanya ɗaya. In an ajiye da UTF-8 aka karanta da tsohon tsarin Windows, ƙasa sai ta fito Æ™asa, abin da duk mai karanta jaridun Hausa a intanet ya taɓa gani. Na huɗu, sai an koya wa manhaja jerin abacada na Hausa, in ba haka ba za ta jera da lamba, Ɗahiru ya faɗo ƙasan Zainab a rajistar makaranta.

Akwai kuma lokacin da ƙugiya take da farashi na kuɗi. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160, muddin haruffan suna cikin jerin da tsarin GSM ya tanada. Harafi ɗaya tak daga wajen jerin, kamar ƙ, yana mayar da saƙon gaba ɗaya zuwa wani tsarin da ke ɗaukar 70 kawai. Ko da wayar mutum tana da harafin, rubuta Hausa daidai yana iya ninka masa kuɗin saƙo. Matasan da suka koyi rubutu a waya a waɗannan shekaru ba su yi sakaci ba, lissafi suka yi.

Ita kuwa 'y tamu ta Nijeriya ta fi kowa shan wahala. Alamar da ke gabanta tana da aƙalla lambobi uku a Unicode masu kama da juna a ido, manhajar Word kuma takan juya ta ta zama alamar buɗe zance idan ta zo a farkon kalma. Ƙara da ƴ ta Nijar, sai kalma ɗaya ta samu siffa huɗu ko biyar, waɗanda manhajar bincike mai rauni take ɗauka kalmomi ne daban-daban.

Abin da ake asara

Wani zai ce ai Bahaushe yana ganewa, kamar yadda ya gane ajami. Gaskiya ne a hira. Amma yanzu ba mutum kaɗai ke karatu ba. Kundin digirin da aka buga da }asa ba zai fito ba idan ɗalibi ya nemi ƙasa, ko da an ɗora shi a intanet. Manhajojin fassara, irin na Google da ya shigar da Hausa a 2013, daga rubutun da muka zuba suke koyo, in mun haɗa baki da baƙi su ma za su haɗa.

Sunaye ma suna ciki. Layukan da na'ura ke karantawa a ƙasan fasfo haruffan A zuwa Z kawai suke ɗauka, wannan ƙa'idar duniya ce. Matsalar tana tasowa ne idan kowane mai shigar da bayanai ya yi nasa hukuncin: wannan ya rubuta Mu'azu, wancan Muazu, na uku Mu azu, saboda fom ɗinsa ya ƙi karɓar hamza. Tun da aka fara BVN a 2014, aka kuma wajabta haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, rumbuna suka fara kwatanta suna da suna, kuma bambancin alama ɗaya yana iya sa mutum zirga-zirgar gyaran suna.

A zamanin East, mutum ɗaya da maɗaba'a ɗaya sun isa su tsayar da ƙa'ida. Yau duk mai waya maɗaba'a ne, ba kuma wanda zai iya ba miliyoyin mutane umarni. Abin da ya gaji akwatin dalma na Zariya shi ne saitin da na'ura take zuwa da shi, da fom ɗin da hukuma ta tsara, da sharaɗin da jami'a ta gindaya wa mai miƙa kundi. A nan ne hukunci yake, kuma waɗannan wurare ba su da yawa. Idan sashen Hausa ya ce ba zai karɓi kundi ba sai da Unicode, shagunan da ke bakin ƙofar jami'a za su sauya cikin zango ɗaya. Idan ma'aikata ta sa a cikin kwangilar manhaja cewa dole rumbu ya karɓi ɓ da ɗ da ƙ da hamza, ya kuma jera su daidai, ɗan kwangila zai yi, domin aikin ba shi da wuya. Idan editocin jaridu suka zauna suka zaɓi lamba ɗaya ga alamar 'y, rabin rikicin ya kau.

Yankinmu yana da hannun da zai iya wannan aiki. A farkon shekarun 2000 gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a garin, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Mayar da tsofaffin fayiloli zuwa Unicode aiki ne da ɗalibin shekarar farko zai iya rubuta wa manhaja, tunda musanya alama shida ce da harafi shida. Abin da ya fi wuya shi ne tattaro fayilolin daga tsofaffin kwamfutoci kafin su mutu da abin da ke cikinsu, da kuma bin su da ido, domin wani wurin baka-biyun na gaskiya ne.

Littafin kawu da hannu muka gyara shi, ni da yaron shagon, da umarnin nema da musanyawa: } ta koma ƙ, { ta koma Ƙ, ] ta koma ɗ, [ ta koma Ɗ, ~ ta koma ɓ, | ta koma Ɓ. Bai kai mu rabin sa'a ba. Na roƙe shi ya kunna madannan Hausa a kwamfutocinsa, ya ce bai san akwai su ba. Da na kai wa kawu bugun, ya sa tabarau ya buɗe shafin farko, ya bi layi da yatsa har ya iso sunan kakansa, ya tarar da ƙugiyar a inda ya sa ta. Ya ce, "Madalla. To, saura na malam mai rasuwa, yana cikin akwati, shi da ajami ya rubuta nasa."